Faifan Hobart Tackett

Tun ranar Litinin Verlin Tackett ya kasa zama wuri ɗaya. An ba da hutun makaranta, motar ɗaukar ɗaliban da yake tuƙawa tana can a ajiye, ba abin da ya rage masa sai tunanin Lahadi. Ya yanke ciyawar ƙofar gida, washegari ya sake bin ta da inji alhali ko tsawon farce ba ta ƙara ba. Ya kwance ƙofar rumbu da ba abin da ya same ta, ya mayar da ita a karkace. In ya zauna a baranda, kafin kofinsa ya huce ya miƙe.

Lahadin nan ce ranar gyaran kaburbura a cocinsu na kan tudu, ranar da dangi ke dawowa Kentucky daga Ohio da Indiana da furanni da tukwanen abinci. Bana kuma shekara hamsin cif da rami ya rufta wa babansa, Hobart, a mahaƙar kwal. Shi ya sa fasto ya tare shi a bakin coci, ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Ɗan'uwa Verlin, bana kai za ka yi mana waƙar babanka a gaban kabarinsa." Verlin kuwa mutum ne da in aka dafa masa kafaɗa ba ya iya cewa a'a. Ya ce to, ya dawo gida.

Waƙar tana cikin wani ƙaramin faifan garmaho, shi kaɗai Hobart ya taɓa yi a duniya, wata biyu kafin rasuwarsa. Verlin yana ɗan shekara huɗu a lokacin. Bai riƙe fuskar mutumin ba, bai riƙe muryarsa a cikin gida ba. Abin da ya sani shi ne duk Lahadi da rana uwarsa takan ɗora faifan ta ce, "Zo ka ji babanka." Sai allura ta sauka, a ji ƙara kamar ana suyar ƙwai, jita ta shigo, banjo mai kama da garaya ya biyo ta a guje, sannan muryoyi uku su haɗu a kan makirfo ɗaya. Waƙar mai aikin rami ce da ke roƙon Ubangiji ya bar masa ƙofa a buɗe, yana tafe gida. A baitin ƙarshe, a kan kalmar "gida", sauran biyun sukan ja baya, muryar Hobart ta haye can sama ita kaɗai, siririya, mai kaifi, ta tsaya a can har tsigar jikin mutum ta tashi.

Verlin ya tara tsofaffin faifai sun fi ɗari huɗu, yana kuma son su ne don a ganinsa ba su iya ƙarya ba. Za ka ji numfashin mawaƙi, ka ji takalminsa yana buga daɓen katako, ka ji lokacin da ya matso kusa da makirfo. Shi kansa shekararsa talatin yana waƙa a coci, ana yaba masa. Amma wannan waƙar bai taɓa yin ta a gaban kowa ba, domin bai taɓa kai wa wurin nan na sama ba. Tun yana ɗan sha huɗu yake gwadawa, a rumbu, a daji, a cikin motar makaranta in ya sauke kowa. Kullum muryar takan je gab da wurin ta tsage. Abin yana ci masa rai fiye da yadda zai iya faɗa, don ya daɗe da yanke wa kansa hukunci cewa ɗan Hobart na gaske da tuni ya kai.

Ranar Laraba matarsa Ozella, wadda ta shekara talatin da ɗaya tana jin wannan gwajin ta bayan bango, ta leƙo rumbu da kofi a hannu.

"Baban Darla, kai ne, ko karen maƙwabta ne ya maƙale a waya?"

"Ke dai bari."

"Ni na bari. Kaji ne ba su bari ba, tun jiya ba wadda ta yi ƙwai. Ungo, zuma ce da lemun tsami." Ta tsaya tana kallonsa yana kurɓa. "Ka sauke ta ƙasa kaɗan mana. Wa zai sani?"

"Wa zai sani? Duk wanda ke kan tudun nan da faifan nan ya girma. Wurin nan kaɗai za su tsaya jira. In na kauce masa, su ce ga ɗan Hobart nan, sunan kawai ya gada."

"To ka ce wa fasto mura ta kama ka."

"In yi ƙarya a kan kabarin ubana?"

"To ka yi ihu a kansa, tunda shi ka zaɓa," in ji ta, ta karɓe kofinta ta koma ciki.

Ranar Alhamis ya ɗauki waya sau biyu zai kira fasto, sau biyu ya ajiye. Ranar Juma'a ya shiga a-kori-kurarsa ya ce zai je sayo ƙusa, ya wuce shagon bai tsaya ba, sai ga shi a maƙabarta. Ba kowa. Ya cire hula a gaban kabarin, ya gyara murya, ya ɗauko baitin ƙarshe, ko da ƙasar wurin za ta taimaka masa. Ba ta taimaka ba. Muryar ta tsage a inda ta saba tsagewa, wata saniya ta ɗago kai daga bayan shinge ta dube shi. Ya mayar da hularsa ya sauko, ya iso gida ba ƙusa.

Asabar da hantsi 'yarsu Darla ta kawo Goggo Lona daga garin Dayton na Ohio, ta ajiye ta a falo ta wuce sayen furanni. Goggo Lona ƙanwar Hobart ce, ita ce mai jita a faifan, muryarta ce kuma ta tsakiya. Shekarar da aka binne yayanta ta tafi aikin masana'anta a Ohio, ba ta cika zuwa ba, in ma ta zo ba ta yarda a ɗora faifan a gabanta. Kowa ya ɗauka baƙin ciki ne, ba wanda ya taɓa tambaya. Yanzu shekararta saba'in da takwas, ƙafa ta yi rauni, baki kuwa yana nan yadda yake.

Ozella ta shiga kicin suyar kajin gobe. Verlin ya fita baranda, ya dawo, ya gyara labule, ya sake fita.

"Kai, zo nan ka zauna," in ji Goggo Lona. "Ka sa ni jiri. Ƙudan zuma ne a wandonka?"

Ya zauna a bakin kujera ya faɗa mata abin da fasto ya ɗora masa, ya faɗa mata sauran ma, abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Ɗauko jitar in ji."

Ya ɗauko. Ya ciro ɗan ƙarfen nan da ake matse wuyan jita da shi don sauti ya hau, wanda tsofaffi ke kira macuci, ya ɗaura shi a gaɓa ta biyu.

"Me macuci yake yi a nan?"

"A nan waƙar take, Goggo. Na auna da faifan ya fi sau dubu."

"Ni na kaɗa jita a faifan nan ko kai? Ban taɓa riƙe macuci ba tunda uwata ta haife ni. A sake muka yi ta, yadda jita take."

Verlin ya dube ta, ya dubi jitar. "Ba zai yiwu ba. In ba macuci, ba ta haɗuwa da faifan."

"Ai ba za ta haɗu ba." Ta gyara zama, ta jingine sandarta. "A ɗakin baya na gidan rediyon gari muka yi ta. Akwai wani mutum mai farin takalmi, yana riƙe da agogo kamar mai tseren dawaki. Muna gamawa ya ce waƙarmu ta haura minti uku da daƙiƙa ashirin, rediyo kuwa ba ya sa abin da ya wuce minti uku, sai mu yanke baiti ɗaya. Babanka ya ce ba a yanke wa Ubangiji baiti. Mutumin ya ce ba komai, zai san yadda zai yi. Ashe ƙara wa na'urar gudu zai yi. In ka sa abu gudu, ai murya hawa take. Ranar da kwalin faifan ya iso muka ɗora, Hobart ya kasa kunne ya ce, 'Lona, wace yarinya ce wannan?' Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce in bazara ta yi za mu koma mu sake yi yadda take. Bai kai bazarar ba."

Verlin ya miƙe. Ya je taga, ya dawo, ya rasa inda zai ajiye jitar.

"Shekara arba'in, Goggo! Shekara arba'in ina tsaga maƙogwarona!"

"Wa ya tambaye ni? Ka taɓa buɗe baki a gabana? Ku duka gidan nan haka kuke, sai ku haɗiye abu ku yi ta yawo da shi."

"Mama fa? Ai ita ta san muryar mijinta."

"Ta sani da farko." Muryar tsohuwar ta yi ƙasa. "Amma shi kaɗai ya rage mata. In kana jin abu duk mako, shekara da shekaru, sai ya cinye wanda ke cikin kanka. Shi ya sa ba na yarda a sa shi a gabana. Ban so ya cinye mini yayana."

Da ka ce Verlin zai ji sanyi, tunda an sauke masa kayan da ya ɗauka tun yana yaro. Bai ji ba. Abin da ya ji ya fi na dā ciwo. Ya tsaya a gaban garmahon yana kallon ɗan faifan da takardarsa ta koɗe, wanda ya rantse ba ya ƙarya.

"Ke nan ban taɓa jin muryar ubana ba," ya ce. "Ko sau ɗaya."

Goggo Lona ta miƙo hannu. "Ba ni jitar. Cire mini wannan macucin tukuna."

Ya cire, ya miƙa mata. Yatsunta sun lanƙwashe da ciwon sanyi, da ƙyar ta danne igiyoyin, amma da ta kaɗa sautin ya fito cikakke.

"Ɗora faifan."

"Goggo, ke da ba kya..."

"Na ce ka ɗora. In ya fara, ka sa yatsa a gefensa, ka riƙe shi a hankali har ya sauko ya same ni. Ni ba zan motsa daga nan ba."

Allura ta sauka, ƙarar suyar ta taso, banjo ya shigo da gudunsa na kullum. Verlin ya ɗora yatsa a gefen faifan. Ya danna da yawa, waƙar ta yi nishi kamar saniya.

"Kai, ba kashe shi na ce ka yi ba. Sassauta."

Ya sassauta, ta sake tserewa sama. Ya kuma dannawa kaɗan. Goggo Lona tana ta kaɗa sautinta ɗaya, ba ta ɗaga ba, ba ta sauke ba. Gumi ya keto masa. Can sai jitar cikin faifai da jitar cikin falo suka hau kan juna suka zama ɗaya, banjo ya daina gudu ya koma tafiya irin ta mutumin da ya san hanya.

Muryar da ta fito ba siririya ba ce. Muryar namiji ce mai kauri, da ɗan dishi a gefenta, ta mutumin da ya yini yana shaƙar ƙurar kwal. Tana jan kalmomi ba gaggawa. Goggo Lona ta rufe ido, hawaye yana bin kumatunta, hannunta bai tsaya ba.

"Ga shi nan," ta ce. "Ga Hobart."

Baitin ƙarshe ya zo. Sauran muryoyin biyu suka ja baya, Hobart ya hau kan kalmar "gida", ya tsaya daidai inda Verlin yake kaiwa kowace safiya ba tare da ya sha zuma ba. Har 'yar rawar da muryar ta yi kafin ta zauna ana ji.

Daga kicin, ta cikin ƙarar mai da ƙamshin kaza, Ozella ta ɗaga murya.

"Yauwa, Baban Darla! Haka za ka yi ta gobe. Da muryarka da Allah ya ba ka, ba wannan ihun ba. Shekara nawa ina faɗa maka?"

Bakin Verlin a rufe yake tun da allura ta sauka. Goggo Lona ta buɗe ido ta dube shi, shi ma ya dube ta. Gefen faifan ya fara ƙona masa yatsa amma bai ɗauke ba. Da ɗaya hannun ya ɗaga allurar ya mayar da ita farko, sannan ya laluba kujera da ƙafa, ya jawo ta, ya zauna.