Turakun Farfesa Caduff

Ni dai tun ranar da tsohon Baturen nan maƙwabcinmu ya fito da na'urarsa mai ƙafa uku ya kafa ta a jikin shingenmu, hankalina bai sake kwanciya ba. Ina wanke-wanke na hango shi ta taga, ya rufe ido ɗaya yana leƙen lambun Baba kamar maharbi.

Farfesa Caduff sunansa, mutumin Suwizalan. Rayuwarsa kaf a koyar da awon ƙasa ta ƙare, a wata jami'a ta can ƙasarsu. Ya taɓa gaya wa mijina Nassirou cewa ya auna duwatsun da ƙanƙara ba ta narkewa a kansu, ɗalibansa kuma sun cika duniya. To madalla. Amma me ya kawo awon duwatsu bayan gidana a garin Bowie, nan ƙasar waje?

Lambun nan shi ne ran Baba. Da na ɗauko shi daga Maradi bayan rasuwar Inna, zama yake yi ya zuba wa bango ido, kullum maganarsa a mai da shi gida. Ranar da ya shuka rama da kuɓewa a ɗan zirin nan na jikin shinge, ranar ya fara cin tuwo har da neman ƙari. In aka taɓa lambun, na san Baba zai tafi, kuma ba wanda zai kula da shi can.

Washegarin ranar da ya kafa na'urar sai ga turaku da jan ƙyalle, an kakkafa su a gefen lambun. Baba ya tsaya a kansu, fuskarsa ta sauya.

"Safiatou, kin ga abin da na gani?"

"Na gani, Baba."

"Haka suka zo gonata a Tibiri. Da ƙafa uku, da jan ƙyalle, da murmushi. Damina ba ta zagayo ba aka yanka ta filaye."

Ya tumɓuke su duka, ya tokare tumatirinsa da su. Farfesa ya sake kafa wasu, Baba ya sake tumɓukewa. Tsohon ya leƙo ta shinge ya gaishe shi da Faransanci, Baba kuwa, wanda ya yi shekaru yana aikin gidan waya da harshen nan, ya mai da kansa kurma. Ni ma da ya kira ni sai na ce sauri nake, zan tafi asibiti aiki. Nassirou ya ce mu saurari mutumin mana. Na ce, "Kai dai kowa ya yi maka murmushi ya zama ɗan'uwanka!"

Sai awon ya tsaya cak. Muka daina ganin tsohon, shirun kuma ya fi awon tayar mini da hankali. Na ce shi ke nan, ya kai mu ƙara.

Wata Asabar 'yarsa Constance ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Na buɗe rabi kawai.

Da Turanci ta ce mahaifinta ya faɗi, hannunsa na dama ya mutu, za su sayar da gidan ya koma wajenta. Sannan ta ce, "Lambunku a cikin filinsa yake. Tun farko an kafa shingen ba daidai ba."

Ashe dai zargina gaskiya ne! Na buɗe baki zan zazzaga mata, ta ɗaga hannu.

"Ya daɗe da sani. Mai saye ba zai bar muku ba. Shi ya sa yake son a ja iyakar ta koma bayan lambun kafin a sa gidan a kasuwa. Turakun nan na sabuwar iyakar ne, amma kullum ɓacewa suke yi."

Kunya ta rufe ni. Na fassara wa Baba, ya ce, "Ki tambaye ta me yake so a madadi." Na tambaya. Ta ce ba kome. Baba ya girgiza kai, shi bai yarda ba.

Duk da haka ya fita. Constance ta turo mahaifinta a keken guragu har bakin shinge, ta kafa masa na'urar daidai idonsa. Baba ya zare turakun daga jikin tumatir ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki guduma, ya tsallaka zuwa filin mutumin. Farfesa yana cewa hagu, dama, da Faransanci, kurman namu kuwa yana ji sarai, yana kafa su inda aka ce.

A turke na ƙarshe Baba ya tsaya ya waiga. Ramarsa da kuɓewarsa duk suna ta ɓangarenmu.

"Safiatou," ya ce, "tambaye shi ko nan ɗin ya yi."

"Baba, ai kuna jin harshen juna."

Ya share ido da hannun riga, ya juya ya tambaye shi da kansa.