Rediyon Cikin Kabad

Malam Ashafa ya tsallake kwatar da ta raba makarantarsa da shagon Haruna tela, yana tattare bakin riga, fuskar nan a ɗaure tamau. Hedimasta ne na wata firamare a Koki, kuma yau Talata yana da baƙuwa daga jami'a.

"Haruna, alfarma na zo nema," ya ce bayan sun gaisa. "Rediyon nan naka, yau dai a kashe shi har azahar. Ba na son baƙuwa ta zo ta tarar da hayaniya."

Haruna ya ɗaga ƙafarsa daga keken ɗinki. "Ranka ya daɗe, har da na ƙarfe goma?"

"Har da na ƙarfe nawa ma."

"To, an gama." Haruna ya murɗe rediyon, wani tsoho da aka ɗaure bayansa da roba, ya yi wani murmushi da Malam Ashafa bai ji daɗinsa ba.

Abin da ya kawo baƙuwar shi ne shirin Aji Ɗaya, mai haɗa makarantu su zama kamar aji guda. Malaman jami'a ne ke rubuta darussan, gidajen rediyon jihohi uku su watsa su lokaci guda, makarantu kuma daga nan har Sakkwato su saurara duk Talata da Alhamis da ƙarfe goma. An fara shi dab da komawar soja bariki, kuma kowace makaranta an ba ta rediyo sabo fil. Malam Ashafa ya sa hannu ya karɓi nasu, aka kunna shi sau ɗaya a gaban manyan baƙi, aka tafa. Daga nan ya mayar da shi kwalinsa, ya naɗe da tsohon rawani, ya kulle a kabad ɗin ofis. Makullin kuwa yana rataye a wuyansa, ƙarƙashin singileti.

Kada a ga laifinsa da yawa. Hedimastan da ya gada, Malam Sule, yana cikin cin tuwo ya ji sunansa a labaru, an kore shi nan take saboda tafireta guda da ta ɓata. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Malama Luba, malamar aji biyar, ta nemi rediyon nan ya fi a ƙirga.

"Malam, soja fa sun tafi," takan ce.

"Soja sun tafi, amma fayil bai tafi ba," shi ne amsarsa kullum.

Duk wata ana aiko da takarda ana tambayar halin da rediyo yake ciki, shi kuma ya rubuta "lafiya ƙalau", kuma bai taɓa yin ƙarya ba.

Goma saura kwata baƙuwar ta iso a ƙafa, don motarta ta kasa shiga lungun. Malama Hassana sunanta, siririya, ga jaka cike da takardu. Ko ruwan da aka kawo ba ta gama sha ba ta shiga magana.

"Malam, aikina mai sauƙi ne. Zan zauna a aji in ga yadda yara ke sauraro. Akwai makarantu sittin da ke jiran rediyo, don haka inda muka tarar ba a amfani da shi, sai mu ɗauke mu kai gaba, mu cire makarantar daga shirin."

Shekara guda Malam Ashafa yana tsoron kada rediyo ya ɓata, bai taɓa kawowa a ransa cewa ajiya ma tana iya raba shi da shi ba. Ya zura hannu a wuya ya jawo makulli, ya buɗe kabad, ya warware rawanin a hankali kamar mai kwance jariri. Malama Hassana ta juya rediyon gaba da baya.

"Na zagaya makarantu arba'in," ta ce, "ban ga mai tsabtar wannan ba."

Har ya fara murmushi, sai ya lura ba yabo ba ne.

Suka ɗunguma zuwa aji biyar. Yara suka miƙe suka gaida baƙuwa. Malam Ashafa ya ajiye rediyon a kan tebur, ya yi bisimilla, ya murɗa. Shiru. Ya ja eriya har ƙarshe, ya sake murɗawa. Ko tari rediyon bai yi ba. Da Malama Hassana ta buɗe bayansa, sai ga batiran ranar biki suna nan inda aka bar su, sun kumbura, sun zubo da wani farin gari duk ya manne a ƙarfen ciki.

Ta buɗe littafinta ta cire murfin biro. Kunya ta lulluɓe Malam Ashafa, ya ji gara ƙasa ta tsage. Sai ya lura da wani abu: babu yaro ko ɗaya da ke kallon rediyon. Dukansu sun karkata wajen tagar da ke fuskantar lungu, wasu har sun ja bencinsu kusa da ita, kamar abin da suka saba yi.

Malama Luba ta matso kusa da shi ta yi ƙasa da murya. "Malam, saura minti uku. Haruna ne ke kunna mana nasa. Tun bara."

"Tun bara?"

"Ko sau ɗaya bai tsallake ba. Ban san me ya same shi yau ba."

Malam Ashafa kam ya sani. Hayaniyar da ya kai ƙararta wurin mai unguwa har sau biyu, ashe karatun ɗalibansa ne. Ya fita da sauri, wannan karon ko tattare riga bai yi ba.

Ya tarar da Haruna yana ta sa zare a allura kamar ba shi da wata damuwa a duniya.

"Haruna, kunna."

"A'a, ranka ya daɗe, ai azahar ba ta yi ba."

"Don girman Allah ka kunna."

"Da ƙarfi ko a hankali? Kada baƙuwa ta ce muna hayaniya."

"Ka ƙure shi!"

Haruna ya ɗora rediyon a kan dakali ya fuskantar da shi tagar ajin. Kiɗan buɗe shiri ya tashi, yara suka ɗauki waƙar gaba ɗaya ba tare da an ce su yi ba. Darasin ranar a kan ruwan randa ne, me ya sa yake sanyi alhali na bokiti yana ɗumi. Malamin rediyo na jefa tambaya, hannuwa na tashi sama kamar yana ganinsu. Da aka gama, Malama Hassana ta ja su baya zuwa darussan watannin da suka wuce, suka amsa ba gargada. Shi dai Malam Ashafa yana tsaye a bakin taga daga waje, cikin rana, ya ji duka. Rabonsa da ya ji ajin nan da rai haka har ya manta.

Malama Hassana ta leƙo ta tagar. "Malam, doka ta ce in ɗauke rediyon da ba a amfani da shi. Amma ba ta gaya mini yadda zan yi da yaran da suka fi kowa sauraro ba." Ta rufe littafin. "Zan dawo bayan wata guda. In na same shi da wannan ƙyallin, tafiya zan yi da shi."

Haruna ya karɓi rediyon makarantar, ya zubar da ruɓaɓɓun batiran, ya sa bakin almakashi yana kankare ƙarfen. Duk kankarewa ɗaya sai Malam Ashafa ya runtse ido. Aka ciro batiran tsohon rediyon aka sa, nan take na gwamnati ya buɗe baki.

Bayan an raka baƙuwa, Malam Ashafa ya rungumo rediyon, ƙafafunsa suka kai shi gaban kabad da kansu. Har ya kamo igiyar makulli, sai ya ga Malama Luba tsaye a ƙofar ofis. Ya daɗe a haka, sannan ya miƙa mata rediyon.

Ta karɓa da hannun da ta gama rubutu a allo, yatsunta huɗu suka fito raɗau da farin alli a kan baƙin murfin. Malam Ashafa ya kamo hannun rigarsa zai goge, har ya kai kusa. Sai ya saki rigar.

"Ranar Alhamis ki ajiye mini kujera," ya ce. "Can baya."