Baƙin da Na Kankare

…kuma har ki tambaye ni, Zubaidatu? Wai "Hajiya, me ya hana ki cin abinci?" Ke da kika haifi yarinyar, ba ki da ido? Ba zan amsa ba. Yaji nake daka, kuma kowane bugu a tsakar kan Thamer yake sauka.

Thamer. Shugaban ɗakin binciken da jikata Hind take aiki. Ya zo nan unguwarmu Mahjar, ya ci tsiren hannuna, ya lashe yatsu yana "ya Hajja, ya Hajja", yau ya kankare sunan yarinya daga aikinta. Wai halas, an gama, in ji Larabawa. Shekara biyu, halas!

Zirkoniyam. Ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba, ga shi sunan ya zauna min a baki. Hind ta ce, Kaka, ƙarfe ne, da shi ake ƙera bututun tukunyar nukiliya. Cikin ruwan zafi wata iska, haidurojin, takan shige shi sannu sannu ta kwanta. Waje lafiya lau, ciki ya koma kaskon ƙasa. Rana ɗaya sai ka ji ƙas.

Haka zan shige ka, Thamer. Ba ihu, ba zagi. Na san mai yi wa uwarka lalle a unguwar Aziziyya. Na san gidan da kake neman aure. Kalma ɗaya nan, ɗaya can… ka yi ta yawo da farar rigarka, kana tsagewa ba ka sani ba.

Guntayen zirkoniyam ɗin tara ne. Kowanne bai fi yatsana ba. Cikin ɗan akwati, za ta kai su Riyad a auna. A kan firij ta ajiye. Firij ɗina! Na buɗe akwatin — baƙi ƙirin, kamar gindin tukunyar ƙazamar mace. Jikata ta tsaya gaban manya da wannan? A ce 'yan Takari, mu Hausawan nan, ba su san tsabta ba? Toka, lemon tsami, soson ƙarfe. Sai da yatsuna suka yi jini. Suka fito suna ƙyalli kamar sabuwar azurfa.

Ashe baƙin za a auna. Wata goma sha huɗu a ruwan zafi kafin ya fito.

Ta buɗe akwatin. Ta dube su, ta dube ni. Da ma ta yi kuka… "Sannu da aiki, Kaka." Shi ke nan.

Ta je ta ce wa Thamer ita ta lalata su. Ita! Uwarta ba ta sani ba, ubanta bai sani ba. To amma shi, ba zuciya ce a ƙirjinsa ba? Ba ya yi mata haƙuri? Kuma wa ya ce ta ajiye a kicin ɗina, wa ya…

Ga ta nan ta wuce. Ta gaishe ni, ta ja kunnen ƙaninta, tana dariya. Waje lafiya lau.

Taɓaryar nan ta yi nauyi. Ni, A'i, in ɗauki mayafi in tsaya gaban yaron nan Thamer in ce ni ce? Da wannan bakin? Ga ƙannenta biyu sun zuba min ido.

"Rayan! Rana! Me kuke kallo? Yaji ne ya shiga idona. La'asar da saura, yalla, maza ku wuce ku kwanta."