Alhaji Lukuman a Jirgin 'Yan Fashi

"Ka sa ni cikin jirgin, kwalin ya zama naka," in ji Alhaji Lukuman. Ya dire kwalin bisa teburin yanka na Mannir tela, ya dafe shi da tafin hannu kamar wanda ke tsoron kada ya gudu.

Mannir bai ko dubi fuskar Alhajin ba. Hoton da ke jikin kwalin ya tsura wa ido: jirgin 'yan fashin teku mai bene uku, da igwa jere gefe da gefe, da baƙar tuta mai ƙoƙon kai. Shekaru ya yi yana tsintar irin waɗannan jiragen wasan yara da ake haɗawa da ƙananan bulon roba cikin kayan gwanjo a kasuwar Gusau, rabi a karye, rabi babu mutanen ciki. Bai taɓa riƙe cikakke ba.

"Alhaji, ina ka samo wanga?"

"Umra. Na sawo wa ɗiyana, suka zazzage shi tsakar gida, uwarsu ta taka ɗaya ta kusa zagin kakana. Na sa aka tsince shi tsaf. Kai ne gwanin shirme, ga shi. Amma ka yi mutum mai kama da ni, ka faɗi sunana a bidiyon nan naka, ka ce Alhaji Lukuman mai hatsi na Bungudu."

"An gama. Kai ne direban jirgi."

"Direba? Ni na yi maka kama da direba?" Alhaji ya danna yatsa kan hoton, inda wani ɗan akwati yake buɗe da zinare a ciki. "Nan za ka tsayar da ni. Abokan kasuwata na cewa na karye tun da farashin masara ya faɗi. Su gani su ƙoshi."

Suka tafa, Alhaji ya kaɗa riga ya fita.

To, shi Mannir mutum ne da ya ba arba'in baya, da mata da 'ya'ya, amma bayan shagonsa akwai kanta guda da ba zare ba yadi, sai jirage. In ya samu sabo sai ya haɗa, ya jingina waya jikin keken ɗinki, ya yi wa mutane bayani a TikTok: wannan gindinsa ba ƙarfi, wancan na jabu ne bulonsa ba ya kamawa, wannan kuwa an yi rowar igwa. Kuma ba ya barin jirgi yadda masu shi suka yi shi. Ƙyallen da iska ke turawa sai ya cire, ya ɗinka na shadda daga guntayen da suka rage. Igiyar roba ya musanya ta da zaren saƙa. 'Yan mutanen cikin jirgin kuwa ya ɗinka musu riga da hula, ya raɗa musu sunayen mutanen unguwa. Mai shayin bakin titi shi ne mai ƙafar katako. Wanzamin layin shi ne mai hannun ƙugiya. Jama'a suna dariya, har roƙo ake yi a sa mutum.

Na Alhaji ya fi kowane kyau. Mannir ya yi masa babbar riga ruwan toka har da aiki a wuya, ya cusa auduga a ciki don tumbi, ya tsayar da shi kan akwatin. A bidiyon ya yabi jirgin, ya kushe matakalarsa da ta cika tsayi, ya nuna yadda ya rage ta. Can ƙarshe ya matso da waya kusa, ya ce, "Ga kuma Alhaji Lukuman mai hatsi na Bungudu. Ku bar ganin buhunan masara, ga inda dukiyar take. Akwatin zinare guda, kuma ba ya kai shi banki!"

A ƙasar da ake haƙar zinare, ake kuma ɗauke mutum don an ji ya sayar da sa, wannan ba maganar da za a sake wa iska ba ce. Amma lokacin ba wanda ya lura. Alhaji da kansa ya yi ta tura wa mutane. Wani ya yanke ƙarshen kawai, babu bayanin matakala, babu dariyar farko, ya watsa.

Ba a yi nisa da damina ba aka tare motar da Alhaji ke ciki a hanyar Tsafe, wajen Kucheri, da rana tsaka. Motar cike take da mutane. 'Yan bindigar ba su taɓa kowa ba. Suka leƙa ta taga suka ce, "Wane ne Lukuman mai hatsi?" Shi kaɗai suka ɗora bisa babur suka shiga daji.

Mannir na tsakiyar ɗinka wuyan riga labarin ya iske shi. Ƙafarsa ta tsaya kan keken.

Wanda ya fara zuwa mai shayi ne. Bai yi sallama ba.

"Malam Mannir, cire ni."

"Daga ina?"

"Daga jirginka. Yanzu, ina kallo."

Mannir ya ɗauko mai ƙafar katako, ya tuɓe masa 'yar rigar. Mai shayi ya karɓe rigar ya jefa aljihu, ya fita. Bayansa wanzami ya zo. Bayan wanzami sai masu ɗinki suka fara aiko a karɓo musu yadinsu, ɗinkakke ko ba ɗinkakke ba. A masallaci, wanda ke gefensa a sahu ya matsa ya bar tsakani.

Tsoro ya sa Mannir ya yi abin da ya ƙara dagula masa al'amari: ya goge bidiyon, ya goge sauran duka. Kafin la'asar magana ta zaga cewa tela ya share shaida. Nan ne kalmar ta fito fili, kalmar da in aka liƙa wa mutum a wannan ƙasa ba a cika jiran alƙali ba. Infoma. Wai da jiragen yake nuna wa mutanen daji wanda za su ɗauka, wanda duk ya tsayar kusa da akwati shi ne na gaba.

Matarsa Ummulkhairi ta ce, "Ka tafi Kano wurin yayana, tun yau."

"In na gudu na amsa laifi ke nan. Ku fa? Gidan nan za su zo."

"In ka zauna fa?"

Ya tashi ya je ya sa wa ƙofa sakata.

Washegari da hantsi babura suka tsaya ƙofar shago. Gambo ne, ƙanen Alhaji, idanunsa jawur, tare da wani dattijo siriri mai riga cike da layu da bindigar toka a kafaɗa. Yakubu sunansa, shi ke jagorancin 'yan sa-kai na wajen su Alhaji. Kafin su shigo, mutane sun riga sun cika bakin titi.

Gambo ya cakumi wuyan rigar Mannir. "Nawa suka ba ka? Mutum ya ba ka kyauta ka sayar da shi?"

"Wallahi shi ya ce in sa shi nan! Shi ya zaɓi akwatin!"

"Wa ya ji?"

Ba wanda ya ji. Su biyu ne a shagon ranar.

Yakubu ya janye hannun Gambo a hankali. Ya je gaban kantar ya daɗe yana duban jiragen, ya ɗauki ɗan mutumin mai babbar riga ya juya shi, ya ɗauki akwatin ya girgiza a kunne. Sannan ya yi magana ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Tela, ni ban san wasanka ba. Na dai binne mutane da yawa saboda masu nuna hanya. Ba za a taɓa ka yau ba. Alhaji zai dawo in Allah ya so, shi zai faɗa muna mi suka ce mashi. In ya ce wanga hoto ya kai su gare shi, kai da kanka ka san sauran. In bai dawo ba, shi ma ka sani."

Suka tafi da jirgin. Suka bar mutum guda kan benci a tsallaken titi, yana cin gyaɗa.

Daga ranar rayuwar Mannir ta koma sauraron babura. In ɗaya ya rage gudu kusa da shago sai almakashi ya kuɓuce masa. Ya riƙa buɗe shago ba don aiki ba, don kada a ce ya ɓuya. Na kan benci yana canzawa, yau wannan gobe wancan, amma bencin bai taɓa zama ba kowa. Abin da ya fi cin sa shi ne bai san abin da zai roƙa ba. In Alhaji ya mutu a daji, shi ma ya mutu tare da shi. In ya dawo da rai, maganar bakinsa ce wuƙar. Haka nan ya yi ta yi masa addu'ar dawowa.

Labari yana zuwa gutsure-gutsure. Mutanen daji sun kira waya. An ce ba su yarda da kuɗin fansar da aka taya ba. An ce an sa gonar Alhaji ta Karakkai a kasuwa, da amfanin da ke cikinta. Gero ya yi kai, aka fara yanka, sannan wata safiya na kan benci ya tsallako titi ya ce, "Rufe shago. Alhaji ya iso."

A bayan babur aka kai shi Bungudu. Duk tsawon hanya yana kallon gonaki yana tunanin a wace za su tsaya da shi a dawowa.

Zauren Alhaji cike yake da masu barka. Da Mannir ya shiga sai surutu ya ɗauke. Ya nemi Alhaji da ido ya rasa, sai da wani tsoho a kan tabarma ya ɗaga hannu. Ashe shi ne. Tumbin ya tafi. Rigar ta yi masa yawa kamar ta aro. Ƙafafunsa na naɗe da tsumma, kuma in ana magana sai ya juyo da kunnen hagu, don na dama ya daina ji.

Yakubu ya tsuguna gabansa. "Alhaji, ga tela. Ba mu son dogon zance, ka gaji. Mutanen nan sun ambaci hoton jirgi?"

Alhaji ya dubi Mannir. Mannir ya dafa bango. Gambo ya riga ya matsa ya tare ƙofa.

"Wane jirgi?" in ji Alhaji. Muryarsa a dishe. "Mutanen da ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbi ba? Ni a kasuwar Tsafe aka nuna ni. Sun ce an ga ana loda mini mota. Ba su san wani tela ba."

"Yaya, ka tuna da kyau," in ji Gambo.

"Kai aka daka ko ni? Ku bar bawan Allah ya tafi ga iyalinsa."

Yakubu ya daɗe yana kallon Alhaji. Daga baya ya miƙe, ya gyara bindigarsa, ya ce wa Mannir, "Allah ya wanke ka. Ka yi haƙuri da mu." Zaure ya ɗauka da salati. Wasu da suka ƙi gaisawa da shi suka miƙo hannu.

Mannir ya durƙusa zai yi godiya, hawaye na zuba. Alhaji ya kama wuyan rigarsa ya jawo shi kusa kamar zai sa masa albarka, ya sa baki a kunnensa.

"Kullum sai sun nuna mini bidiyon," ya ce a hankali. "Su kunna, in ji muryarka, ba ya kai shi banki, sannan su fara duka. Ina akwatin? Ina akwatin? Na ce musu roba ce, bai kai ƙwayar goro ba. Suka yi dariya suka ƙara."

Alhaji bai saki rigar ba, ya ci gaba.

"Ni na ce ka sa ni nan, ban manta ba. Maganar banki kuwa kai ka ƙara. In na faɗa wa su Yakubu su kashe ka, kuma a yi ta ba da labarin Lukuman da ya sayi dukan kansa da kwalin wasan yara. Ba na son ko ɗaya. Tashi ka tafi. Ka riƙe bakinka, in riƙe nawa."

Ya sake shi, ya ce da ƙarfi don a ji, "Ka gaida gida."

Mannir ya koma Gusau a motar haya. Yana isa ya sauke jiragen daga kanta, ya wargaza su, ya zuba a buhunan shinkafa ya ɗaure. Masu ɗinki suka dawo sannu a hankali. Mai shayi ma ya dawo yana wasa wai a mai da shi jirgi, Mannir ya dube shi har ya bar dariyar.

In ana lissafin wannan ciniki, Alhaji ya rasa gonar Karakkai da kunne guda, ya tsira da sunansa a kasuwa. Mannir ya tsira da wuyansa, ya rasa abin da ya fi so a duniya, ga shi kuma ransa na ajiye a bakin wani mutum. Duk sallah sai an kawo yadin gidan Alhaji kaf, na mata da na yara, ya ɗinka kafin na kowa, kuma ba a taɓa jin ya faɗi kuɗin aiki ba. In an ce Alhaji ba shi da lafiya sai ya damu, in an ce ya yi fushi sai ya fi damuwa. Waɗanda suka ci riba kuwa ba su taɓa riƙe bulon roba ba: mutanen daji, da wanda ya sayi gonar da geronta a tsaye.