Takardun da Yaya Hajo Ta Ƙona

Ni karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, don haka duk wanda ya ga rubutun nan ya yi haƙuri da shi. Abin da na iya tunawa shi nake rubutawa.

Mijina, Malam Muntaka, shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa a firamare. Da ya ajiye aiki sai ya koma rubuta wa yara littattafai. Huɗu ya fitar, 'yan ƙanana masu bangon kwali, a wurin wani mai buga takardu a nan Tudun Wada da ake ce wa Nagoda. Ba ya kai wa Nagoda komai sai yara sun fara ji. Duk ranar Alhamis bayan la'asar, da yake ba a zuwa Islamiyya, zai shimfiɗa tabarma biyu a zaure, yaran layinmu su cika wurin. Sai ya karanta musu babi ɗaya yana kallon fuskokinsu. Inda ya ga an fara hamma ko mintsinin juna, ya sa jan biro ya soke wurin. Yakan ce su ne sufetocinsa.

Na biyar ɗin labarin wata akuya ne, Farar Ƙafa, wadda ta bi ƙamshin harawa ta shiga taragon jirgin ƙasa a tashar Sabon Gari, jirgi ya tashi da ita, yarinyar da take kiwonta ta shiga nema. Babi shida ya karanta musu. Saura ɗaya.

Ranar wata Laraba da yamma ya fito tsakar gida da takardu a hannu. Ina gaban murhu, icen ya jiƙe yana ta hayaƙi, tuwon kuma ya yi mini gudaji.

Ya ce, "Saratu, na gama. Zauna ki ji kafin sufetoci su ji gobe."

Na ce, "Karanta, ina jin ka."

Ba na jin sa. Hankalina yana cikin tukunya. Ya karanta har ƙarshe, a wani wuri ya yi dariya shi kaɗai. Ya ce, "Ya yi?" Na ce, "Ya yi." Washegari ya dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Ba mu kai asibiti da shi ba.

Yayarsa, Yaya Hajo, ta zo daga Dutsen Abba tun ranar. Ita ta goye shi yana jariri, kuma ita ta riƙe gidan a kwanakin nan, don ni ko tsintsiya ban iya ɗauka ba. Ana gobe sadakar uku baƙi suka yi yawa, ta shiga ɗakin Malam ta gyara don mata su samu wurin kwana. Ina ɗakina a lulluɓe na ji warin hayaƙi daga bayan gida, na ɗauka masu girki ne.

Sai a kwana na takwas na iya shiga ɗakin. Littattafansa huɗu suna jere a kan tebur, an kakkaɓe musu ƙura. Amma kwalin da yake tara takardunsa babu komai a ciki. Na duba ƙarƙashin filo, na duba bakin taga, na ɗaga katifa.

Na samu Yaya Hajo tana tsintar shinkafa. Na ce, "Yaya, ko kin ga takardun Malam?"

"Waɗanne? Au, waɗancan? Na ƙona su. Na haƙa rami a gindin zogale na binne tokar."

"Kin ƙona?"

"To me za a yi da su? Kowace takarda da Bisimillah a samanta, Saratu. Guda biyu na tsinta a ƙasa har da sawun takalmi a kai. So kike a yi ta take sunan Allah a ɗakin mamaci?"

"Labarin yara ne, Yaya."

"Ai na bar masu bangon. Waɗancan kuwa duk jan biro ne a jikinsu, shi da kansa ya sossoke su. Ke dai ki yi masa addu'a."

Haka yake. Malam ba ya fara shafi sai ya rubuta Bisimillah da Larabci a sama, ko da jerin cefane ne. Yaya Hajo ba ta karanta boko, wannan layin kaɗai ta iya karantawa a duk takardun. Abin da aka koya mana tun muna yara shi ta yi. Da ƙanwarsa ce da na faɗa mata maganar da ba za ta manta ba. Yayarsa ce, sai na ce, "Allah ya saka da alheri." Na zaga bayan gida na tona ramin da hannuna. Toka na samu, da wani ɗan ƙarfen maƙale takarda da ya yi baƙi.

Alhamis ta uku bayan rasuwar na ji ƙus-ƙus a zaure. Ina cikin takaba, ba na fita, sai na tsaya a bakin ƙofar ciki na leƙa. Sun fi goma sha biyar, suna zaune a ƙasa ba tabarma, suna tura juna. Aka turo Rauda gaba, 'yar telan da gidansa ke kallon namu, shekararta goma.

Ta durƙusa. "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam."

"Amin. Me kuke so?"

Ta kalli ƙasa. Suhaibu, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya ce daga baya, "Inna, akuyar ta koma gida?"

Na kore su. Na ce mutum ya mutu su akuyarsu kawai suka sani. Suka watse da gudu. Alhamis ta gaba suka dawo, suka zauna a zauren har aka kusa kiran magariba. Ina jin su daga ciki. Abin ya ishe ni, na fito na ce, "Malam ya karanta mini ƙarshen. Ku dawo mako mai zuwa."

Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Suka yi ihu har maƙwabta suka leƙo.

Na yi kwana biyu ina neman labarin a kaina. Na zauna a gaban murhu daidai lokacin da ya karanta mini. Har ruwa na yayyafa wa ice don ya yi hayaƙi irin na ranar, ko abin zai dawo. Idanuna suka yi ja, ban samu komai ba sai abu uku: sunan Funtuwa, da wani mutum mai laima, da dariyar da ya yi. Muryarsa kuwa ina jin ta sarai, yadda take hawa da sauka, amma babu kalma ko ɗaya a ciki. Yawan gishirin da na zuba a miyar ranar na tuna shi.

Sai na ce bari in ƙirƙira. Na ɗauki biro na yi kwana uku a kan shafi ɗaya da rabi. Na sa wani ɗan sanda ya tsinci akuyar a Funtuwa ya kawo ta gida a bayan mota.

Ranar Alhamis na shimfiɗa musu tabarmar a tsakar gida. Su goma sha tara ne, na ƙirga kawunansu. Na fara karantawa ina bin layi da yatsa, ina tuntuɓe a kan rubutun da ni na yi shi. Ban kai rabi ba Suhaibu ya ɗaga hannu kamar a aji.

"Inna, ba zai yiwu ba. Farar Ƙafa ba ta yarda da mai kaki. Tun babi na biyu ɗan sandan tasha ya jefe ta da kulki."

Rauda ta ce, "Kuma ta wuce Funtuwa tun babi na biyar."

"To jirgin ne ya dawo da ita."

"Ai ta sauka daga jirgin, Inna."

Akwai Nneoma, 'yar Onuora mai shagon kayan wuta a bakin titi, shekararta tara. A layin nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu a cikinsu. Ba ta cika magana ba. Ta ce, "Wannan ba na Malam ba ne."

"Wa ya gaya miki?"

"Malam ba ya cewa 'daga nan sai' sau shida. Na ƙirga."

Na yi jifa da takardar. Na ce musu to su ji gaskiya: an ƙona takardun, duka, daga babi na ɗaya har na bakwai. Na bakwan ni kaɗai ya karanta wa a duniya, ni kuwa ban saurara ba, ina tuƙa tuwo. Na faɗa da ƙarfi, don haushin kaina nake ji, su ne dai a gabana.

Can sai Sumaiya, ƙanwar Rauda, 'yar shekara biyar, ta ce, "Tuwon masara ne ko na shinkafa?"

Rauda ta buge mata baki. Ni kuma ban san lokacin da na ce, "Na masara ne," ba. Na sa mayafi na rufe fuska, sai da na gama kukana.

Nneoma ce ta ce, "Inna, babi shidan muna da su a kanmu."

Haka muka fara. Rauda ce take rubutawa, don hannunta ya fi nawa sauri, sauran suna faɗa. Na zaci mako biyu za mu yi. Wata uku muka yi, kuma ban taɓa ganin masu gardama irin yaran nan ba. Yamma guda ta tafi a kan ko buhunan albasa ne a taragon ko na barkono. Suhaibu ya rantse barkono ne, don akuyar ta yi atishawa. Nneoma ta ce ƙurar harawa ce ta sa ta atishawa.

"Ke a bayan Sumaiya kike zama, me kike ji?"

"Kai kuma rabin Alhamis kana wurin ƙwallo, mai kan kwakwa."

Sai su juyo su ce in raba gardama. Ni da nake cikin gida lokacin da ake karantawa a zaure. Wani lokaci in zaɓi ɗaya don a wuce wurin, washegari in tashi ina tunanin ko na sa wa Malam abin da bai faɗa ba.

Yaran kuma suka fara raguwa. Ni ban iya muryar akuya ba, ban iya kukan jirgi ba, ga faɗa. Daga goma sha tara suka koma goma sha biyu, suka koma bakwai. Wata rana na ji wasu a waje suna cewa gidan Malam yanzu ya zama jarrabawa. Na so in fita in kamo su ɗaya bayan ɗaya, ba halin fita. Na ɗauko littattafansa huɗu na ba bakwan nan, na ce su riƙa kai wa waɗanda suka gudu aro. Biyu suka aiko da littafin da maiƙon ƙosai, su kansu ba su dawo ba.

Da muka gama shidan na aika aka kira Nagoda. Ya tsaya a zaure, ni ina bayan ƙofa. Ya jujjuya takardun.

"Hajiya, ina ƙarshen?"

"Ni ba Hajiya ba ce. Babu ƙarshe."

"Wannan mai sauƙi ne. Akwai ɗalibai a kwalejin Kongo masu karatun Hausa, kullum suna shagona. Kwana ɗaya wani zai ƙarasa shi, ba mai ganewa."

"Sunan wa za ka sa a bango?"

"Na Malam mana."

"To a'a. Na gwada, yarinya 'yar shekara tara ta kama ni."

"Inna Saratu, shekara ashirin ina buga littafi, ban taɓa buga wanda ya tsaya akuya tana tsakiyar gonar mutane ba. Dariya za a yi mini."

Na ce ya buga shidan, ya rubuta "Babi na Bakwai" a saman shafi, ya bar shafi huɗu da layuka babu komai. Ya ce wannan ai littafin rubutu ne. Na ce ya kira shi abin da ya ga dama. Ya yi tsaki a hankali, yana zaton ban ji ba, ya tafi da takardun.

Littafin ya fito bayan na fita takaba da mako biyu. Na ba kowane daga cikin bakwan nasa, na ce Alhamis mai zuwa kowa ya zo da ƙarshensa.

Suhaibu ya cika shafi huɗun har ya haɗa da bayan bango. A nasa akuyar ta zama direban jirgi. Nneoma ta kai ta har garin kakarta, can ƙetaren kogi, ta haifi 'ya'ya biyu kafin ta aiko da saƙo gida. Sumaiya ba ta iya rubutu ba, ta zana wani abu mai ƙafa biyar. Kowa ya tashi ya karanta nasa, aka yi ta musu, na yi dariya a wurare biyu. Amma ina sauraro ne ko wani zai faɗi wata kalma da za ta buɗe mini kai. Babu wanda ya faɗa.

Da aka zo kan Rauda ta miƙo mini littafinta. Shafukan fari fat.

"Ke da kika rubuta babi shida, ɗaya ne ya gagare ki?"

"Ba gagara ta ya yi ba, Inna. Na Malam nake so. Ina jira ki tuna."

Na ce kada ta jira ni. Na ce na yi duk abin da zan yi, abin nan ba zai dawo ba, ta ɗauki biro ta rubuta nata kamar kowa. Har na ɗaga mata murya.

Ta karɓi littafin ta sa a cikin hijabinta. Ta ce ita ba sauri take yi ba.