Gaisuwar Lauwali a Tsaye

Shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, masu tallar goro jiya suka wayi gari 'yan kwangila, Alhaji Maikasuwa ya samu aikin kwalbatoci. Kuɗi suka zauna masa, saura suna. Sai ya ɗauki Lauwali ɗan kokawa, ya ba shi aron gona a bayan ƙauyensu, da sharaɗin duk filin kokawar da zai shiga da sunan Alhaji zai shiga. Da gonar nan Lauwali yake ci da tsohuwarsa da matarsa Tasalla, ba shi da wata.

Wata shekara bayan kaka aka yi babbar kokawa a Babura. Lauwali ya sunkuci wani ƙato da ya tsallako daga Nijar, ya maka shi da ƙasa. Amma ƙafarsa ta dama ta nutse a yashi, jiki ya juya ita ba ta juya ba. Ya ji ƙas a gwiwa. Makaɗa suna ta wasa Alhaji, shi kuwa a kan jaki aka mai da shi gida.

Daudu maɗori ya lallatsa kumburin, ya jawo ƙwaurin, ya ga yana lilo kamar fartanyar da ta saki ƙota.

"Ƙashi lafiya lau," in ji shi. "Jijiyar da ke riƙe gaɓar ce ta tsage, saura ƙiris ta rabu. Zan ɗaure da kara. Kwana arba'in kada ka lanƙwasa ta, ko salla ka yi a zaune da ƙafa a miƙe."

Ran kwana goma sha biyu Alhaji ya aiko, ba don ya yi sannu ba. Baƙi ya yi daga Kano, yana so su ga gwarzonsa. Lauwali ya dogara sanda ya je, ya tarar da zaure maƙil. Ya cire takalmi, ya sunkuyar da kai iya sunkuyawa.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Gwiwar ce."

Alhaji ya dubi baƙinsa, ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Ashe kaye ɗaya ya isa a gaishe ni a tsaye?"

"Wallahi Alhaji, Daudu ne ya hana."

"To, Daudu ya ba ka gona."

Abin takaicin, rabin mutanen zauren suna Babura ranar, da idonsu suka ga an ɗora shi a jaki, amma kowa ya kama kallon tabarma. Kwana goma sha biyu Lauwali yana gai da Mahaliccinsa ba ruku'u ba sujada, addini ya yarje masa, sai mai kwalbati ne ba zai yarda ba. Zuciya ta ciyo shi. Ya tuna rumbunsa, ya tuna Tasalla da tsohon ciki, ya haɗiye. Ya jingine sanda ya durƙusa.

Karan ɗaurin suka kakkarye, abin da ya saura a gwiwar ya tsinke. Ya ciji leɓe, gumi ya karyo masa. Kafin ya gama gaisuwar, Alhaji ya juya yana yi wa baƙi zancen tsadar siminti.

Da Daudu ya sake dubawa, girgiza kai kawai ya yi, ya ce babu sauran abin ɗaurewa.

Damina ta faɗi. Lauwali in ya yi kunya biyu sai gwiwar ta zame ta zubar da shi, ciyawa ta cinye rabin gonar. Wata safiya yana zaune da ƙafa a miƙe, Sama'ilu, ɗan aiken Alhaji, ya yi sallama.

"Alhaji ya ce gona ba ta zama haka. An samu sabon ɗan kokawa, shi za a ba. Ya ce kuma ka zo ka durƙusa ka yi godiyar shekarun da ka ci."

Lauwali ya dubi ƙafarsa, sannan ya ɗago.

"Koma ka tambayo mini shi, da wace gwiwar?"