Furen da Wilf Ya Shafa wa Fenti

Yayana Wilf ya shafa wa fure fenti, aka kuma kama shi a gaban baƙin da ya gayyato da kansa. Abin da ya faru ke nan. Duk wanda ya gaya maka wani abu daban ba ya wurin. Ni ina wurin, ni ne ma mai jera motoci a bakin gona.

Furen shi ne wanda ake kira ɗigon ƙanƙara, ɗan farin nan mai sunkuyar da kai da ke fitowa a watan Fabrairu, lokacin da ko ciyawa ba ta yarda ta leƙo ba. A ƙauyenmu na Suffolk, a Ingila, ko'ina akwai shi, bakin hanya, maƙabartar coci, gindin shinge. Ni aikina haƙa magudanar ruwa da kafa shinge, na sha sare shi da shebur ban ko waiwaya ba. Amma yana da mutanensa. Da zarar ya fara buɗewa sai su bazu, yau lambun wannan, gobe na wancan, kowa da ɗan matashin durƙuso da ɗan madubi a aljihu. Madubin na leƙen cikin furen ne daga ƙasa, don a ga tabon da ke ciki. Kusan kowanne tabonsa kore ne. Wanda ya samu mai ruwan ɗorawa kuwa, ya samu abin da za a shekara ana zancensa.

Wilf ya samu. A bayan akurkin kajinsa, dab da juji, ya je zubar da toka ya gan shi. Da silifas ya zo gidana a guje cikin sanyin nan.

"Gordon! Ajiye shayin nan ka taho!"

"Gobara ce, Yaya?"

"Ta fi gobara. Taho mana, kai komai sai an ja ka!"

Na je, na durƙusa. Ni ba mai ruɗuwa da fure ba ne, amma sai da na ce kai. Ɗan ƙullutun da ke saman furen da tabon da ke ciki, duka kamar gwaiduwar ƙwai. Ba ɗan ɗashi-ɗashi ba, rawaya sosai, har tana haska farin.

A wurin mutanen nan, ba ka tashi kawai ka raɗa wa fure suna. Sai ka bar shi ya yi shekaru ya hayayyafa, sannan wani babba a cikinsu ya zo ya gani da idonsa, ya ce e, wannan sabo ne. Daga nan suna ya zauna. Wanda aka sa wa fure sunansa kuwa, duk taron da aka yi, a teburin manya ake zaunar da shi. Wilf tun a bakin jujin ya ce sunan matarsa zai sa, Doreen.

Doreen ta daɗe tana cikin harkar, amma ta ƙofar kicin. Ita ake kira ta dafa romon dankali in wani zai buɗe lambunsa, ita ke wanke tukwane lokacin da manya ke hira. Da ya gaya mata sai ta ce, "Kai dai maigida da baki. Fara gyara min famfon kicin tukuna." Amma ba a yi mako ba na gan ta ta dawo daga gari da sabuwar malafa a cikin kwali.

Na ce, "Matar Yaya, biki za a?"

Ta ce, "Kai ma da ka yi aure da ka san abin da ake saya ba a tambaya."

Haka Wilf ya yi ta jira, furen na ƙaruwa, kowace shekara rawaya. Har Misis Kerridge ta yarda za ta zo. Tsohuwa ce ta haura tamanin, da sanda biyu take tafiya, amma a yankinmu kaf maganarta ce ta ƙarshe a kan furen nan. Wilf ya taɓa aika mata hoto, ta mayar masa ta ce ita ba ta shaidar hoto.

A nan ya yi kuskuren farko. Da aka sa ranar taron a Fabrairu mai zuwa, sai ya dubi jujin ya ce ina. Ya ɗauko shebur.

Na ce, "Yaya, bar shi inda ya zaɓa."

"In kai Misis Kerridge bayan akurki? Ta durƙusa cikin kashin kaji? Kai ba ka san manya ba."

Ya tone albasar furen duka, wato ƙullutun saiwarsa, ya dasa a bakin ƙofar gida, ya kewaye da fararen duwatsu. Wurin ya yi kyau, ban musa ba.

Sanyi ya zagayo. Takardun gayyata sun tafi, amsa na ta zuwa, har daga wuraren da ban taɓa takawa ba. Gidan ya rikice. Na zuba tsakuwa a hanyar shiga, na gyara ƙyaure, Doreen ta aro kofuna daga coci, maƙwabta na ta kawo kek. Wilf kullum yana tsugune a bakin ƙofa yana jiran toho. Toho ya fito, ƙullutun ya bayyana. Kore. Kore shar, irin na bakin hanya.

"Sanyi ne," in ji shi. "Bari rana ta ɗan taɓa shi."

Rana ta taɓa shi, ya buɗe. Ciki ma kore.

Ranar taron na iso da sassafe da damin ciyawa don shimfiɗawa a kan laka. Sai na tarar da yayana, mutum mai jikoki, kwance rub da ciki a bakin ƙofa. Kusa da shi akwatin fentin ruwa na jikarsa, a hannunsa ɗan siririn buroshi, harshe a waje.

"Yaya, me kake yi?"

"Rage murya! Tana kicin."

"Ka haukace ne?"

"Ba ƙarya nake yi ba, Gordon. Kai shaida ne, rawaya ne. Launinsa nake mayar masa."

"To ka gaya musu haka. Ka ce ka tone shi ya juye. Su ba furen suka sani ba?"

"In tara mutane daga uwa duniya in nuna musu abin da ke bayan gidan kowa? Ka ga malafar da ta saya kuwa? Je ka ka yi aikinka."

Na tafi na yi aikina. Babba ne, gidansa ne. Amma in faɗi gaskiya, hannunsa ya faɗa. Da na waiwaya daga nesa, ni kaina ban ga bambanci ba.

Kafin hantsi motoci sun fara shigowa, kuma ba su tsaya ba. Gona ta cika, na koma jera su a bakin titi. Tsofaffi mata da takalman ruwa suna saukowa tun mota ba ta gama tsayawa ba. Wasu miji da mata sun kwana a hanya. Kowa tambayarsa ɗaya: "Ina yake? Ina mai rawayar?" Wilf ya kifa babban kwando a kan furen, ya ce sai an sha romo. Sai suka bazu cikin lambun suna rage zafi da sauran furannin. Ka tsaya daga bakin ƙyaure ba ka ganin fuska ko ɗaya, sai ɗuwawu a sama, layi guda, da madubai na walƙiya a ƙasa. Ana ta musu, wannan ya ce tabon nan kamar almakashi, wancan ya ce a'a, kamar fuskar mai fushi. Ana musayar albasa a naɗe cikin jarida kamar masu fasa-ƙwauri.

Akwai wani dogon tsohon soja, Manjo Aldous, mai murya kamar lasifika. Shi ya kasa haƙuri.

"Wilf! Romon matarka ya yi daɗi, amma ba shi na zo gani ba. Buɗe kwandon nan kafin gwiwoyina su daskare!"

Aka yi dariya, aka ɗauki kiran, buɗe, buɗe. Misis Kerridge ba ta iso ba tukuna, amma Wilf ya ga ba zai iya riƙe su ba. Ya kira Doreen. Ta fito ta cire rigar girki, malafa a ka, fuska ta yi ja. Ya ɗaga kwandon.

Ban taɓa jin manya sun yi irin wannan ƙara ba. Wata ta dafe ƙirji. Manjo ya ce, "Kai! Kai! Kai!" Wilf ya ja igiya kewaye da duwatsun don kada a matso, ya ce ƙasar ba ta son taku, don haka daga taku biyu ake kallo. Daga taku biyu kuwa abin ba a magana. Aka yanyame shi, kowa na neman alkawarin albasa ɗaya in ta yi yawa. Wasu suka kama hannun Doreen suna girgizawa.

"Doreen, ashe ke ce za ki riga mu hawa teburin manya!"

"Ku bari mana," in ji ta, tana dariya tana gyara malafa. "Wa zai wanke muku tukwane?"

"Manjo zai wanke!"

Ni kaina na shagala. Na ce a raina watakila ma ya tsira.

Sai motar Misis Kerridge ta shigo, yayyafi kuma ya fara. Ɗan siriri ne, irin wanda ba a ko buɗe masa lema. Na dubi sama, na dubi Wilf. Shi ma sama yake kallo. Ya kai hannu ga kwandon.

"Ajiye wannan, ɗan nan," in ji tsohuwar tun daga nesa. "Furen da ya fito cikin ƙanƙara ba ya tsoron yayyafi. Cire min igiyar nan."

Aka dare mata. Ta zo a hankali, sanda, ƙafa, sanda, ƙafa. Ta miƙa wa Manjo sandunan, ni da wani muka riƙe ta har gwiwoyinta suka sauka kan matashi. Ta zaro madubi, ta goge a hannun riga, ta zura a ƙarƙashin fure mafi girma. Ina riƙe da kafaɗarta, don haka ni ma ina gani.

Ɗigon ruwa ya taru a kan ƙullutun. Ya gangaro kan farin, ya bar layi. Ya ɗiga a tsakiyar madubin, rawaya.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta lashi babban yatsanta, ta murza ƙullutun sau ɗaya. Kore ya fito. Ta ɗaga yatsan sama, kowa ya gani.

"Ku tashe ni."

Muka tashe ta.

"Ranki ya daɗe," in ji Wilf, "wallahi rawaya ne. Ga ƙanena nan, ki tambaye shi. A bayan akurki na same shi, bara na dasa shi nan, shi ne..."

"Ka tone shi?"

"Na tone."

"To ai shi ke nan. Mai rawaya in an tone shi yakan yi fushi ya koma kore, sai ya huce ya dawo. Wa bai san wannan ba a nan?" Ta juya ta dubi jama'a. Babu wanda ya ce bai sani ba. "Da ka fito ka faɗa, da mun sha romonmu, mun yi maka dariya, mun dawo baɗi. Ni da na dawo, in ina raye. Amma yanzu ko na gan shi rawaya, sai na lashi yatsa. Furen da sai an lashi yatsa a kansa kuwa ba na sa masa sunan matar kirki."

Ta dubi Doreen. "Ki yi haƙuri, 'yata. Romon ya yi ƙamshi tun daga titi."

Doreen ta shige ciki, can sai muka ji ƙarar tukwane. Mutane suka fara neman makullan mota. Waɗanda suka nemi alkawarin albasa babu wanda ya sake tada zancen. Manjo ne kawai ya tsaya ya dafa kafaɗar Wilf ya ce, "Amma fa hannunka ya iya. Da buroshin me ka yi?" Ba da mugunta ya faɗa ba. Shi ya sa ya fi zafi.

Da Fabrairu ta zagayo furen ya huce. Ya fito rawaya, ya ma fi na da, ya cika fararen duwatsun. Wilf ya aika wa kowa gayyata. Misis Kerridge ta amsa da gaisuwa, ba ta zo ba. Sauran ma haka, kuma daga shekarar ba a sake gayyatarsa lambun kowa ba. Doreen ana kiranta har yanzu, ta dafa romo, ta ƙofar kicin.

Furen dai ya samu suna. Daga nan har bakin teku, duk mai madubi a aljihu ya san shi. Fentin Wilf suke ce masa.